Canon 50mm f/1.8 STM a hoton iyali da ƙananan yara a Yamai: ya ci kuɗinsa, amma a yi hattara da 1.8 ɗin

Duk wanda ya sayi Canon 2000D, 4000D ko tsohuwar 600D, da objektif (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) na 18-55mm kyamarar ke zuwa masa, kuma ba a daɗewa wani cikin abokan sana'a zai ce da shi: "Malam, nemi hamsin ka huta." Hamsin ɗin da ake nufi shi ne Canon EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015. Wannan sharhi a kan aiki guda ya tsaya, wato hoton iyali a waje tare da yara ƴan ƙasa da shekara shida, irin wanda ake ɗauka a ƙofar gida, a gindin bishiya ko a bakin kogi, yara suna sha'aninsu ba a jera su kamar ƴan fareti ba. A wannan aikin objektif ɗin ya ci kuɗinsa. Sai dai lambar 1.8 da ake tallarsa da ita, wato iyakar buɗin ƙofar haskensa (in lamba ta ƙanƙance, buɗi ya fi girma), ita ce kuma ke ɓata wa sabon hannu hotuna fiye da komai.

Abu ne ɗan mitsitsi, gram 160, bai ma kai nauyin manyan salula na yanzu ba. Jikinsa roba ne, amma gindin da ke shiga bakin kyamara ƙarfe ne. A lura da wannan wajen saye, domin yana da yaya, EF 50mm f/1.8 II na 1990, wanda har yau yake yawo a hannun masu sayar da kayan hannu, kuma daga nesa kamar an tsaga kara. Tsohon gindinsa roba ne, injinsa yana da ƙara, ganyayen ƙofar haskensa biyar ne, kuma ba ya kama abin da ya matso ƙasa da santimita 45. Sabon ganyayensa bakwai, yana kamawa har santimita 35, bakinsa na ɗaukar filta mai faɗin milimita 49, na tsohon kuwa 52. Bambancin ganyayen a bayan hoto yake nunawa: ɗigon hasken da ke ratsowa ta cikin ganyen bishiya yakan fito da kusurwa biyar a tsohon, a sabon kuwa kusan zagaye. In ba a ga haruffan STM (sunan injin saitinsa) a gabansa ba, kada a biya kuɗin sabo.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne ƙuncinsa. Farantin da ke ɗaukar hoto cikin waɗannan ƙananan kyamarori milimita 22.3 ne a faɗi, 14.9 a tsaye, saboda haka 50mm a jikinsu yana gani kamar 80mm a babbar kyamara. Daga nisan mita 5, abin da ke shiga hoto bai wuce mita 2.2 a faɗi da mita ɗaya da rabi a tsaye ba. In ana son Alhaji a tsaye, daga hula har takalmi, da iyali a gefensa, kyamara kuma tana kwance, sai mai hoto ya ja baya kusan mita 7. Tsakar gida nawa ke da wannan filin a unguwar Bukoki ko Talaje? Mai hoto zai ja da baya har ya jingina da katanga ko ya taka randar ruwa, kafaɗar Goggo kuma ba ta shiga ba. Ba ya kuma zuƙowa ko turawa. Ƙafa ce zum ɗinsa. Wanda aikinsa yawanci taron suna ne da mutum goma sha biyar cikin ƙaramin fili, wannan ba nasa ba ne, ko kuma ba shi kaɗai zai riƙe ba.

Ƙuncin nan dai yana da amfaninsa. Yana tilasta wa mai hoto tsayawa mita biyu zuwa huɗu daga yaro, kuma yaro ɗan shekara biyu da bai san ka ba ya fi sakewa in ba ka tsaya masa a ka ba. Fuska tana fitowa yadda Allah ya yi ta, hanci bai kumbura ba kamar yadda salula ke yi in an kusanto. Kuma da yake abin da ke shiga ta baya kaɗan ne, taki ɗaya zuwa dama ya isa ya fitar da bola, turken fitila ko baƙar ledar da ta maƙale a reshe.

Yanzu ga batun 1.8. Idan aka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, wurin da ke fitowa tar a hoto siriri ne ƙwarai. Daga mita 2, zurfinsa kimanin santimita 11 ne kacal, kusan tsawon tafin hannun babba. Daga mita 3, kimanin 25. A ɗauki misali: Kaka na zaune a tabarma da jariri a cinya, jikarta ƴar shekara huɗu ta leƙo ta bayan kafaɗarta, ƙaninta kuma ya rarrafo gaba yana jan carbi. Tsakanin fuskar mai rarrafe da ta mai leƙe ya kai santimita 70. A 1.8, carbin da hannun yaron za su fito ras, fuskar Kaka ta yi dishi-dishi, yarinyar baya kuwa kamar an kalle ta ta cikin hazo. A ɗan allon bayan kyamara ba za a gane ba, komai zai yi kamar daidai. Sai an koma gida an buɗe a kwamfuta ake ganin ɓarnar, lokacin kuma yara sun tuɓe kayan salla, an naɗe tabarma.

Don haka 1.8 zuwa 2.2 na yaro ɗaya ne, shi ma in yana zaune. Yaro ɗaya mai motsi, ko uwa da ɗa kunci da kunci, 2.8. Mutum uku zuwa biyar da aka matso da kawunansu kusa, 4, wanda daga mita 3 yake ba da kusan rabin mita, daga mita 5 kuma mita ɗaya da rabi. Sahu biyu, manya a baya yara a gaba, 5.6, daga mita 5 ko fiye. Wani zai ce to ina amfanin sayensa in za a koma 4 da 5.6? Amfanin shi ne, a 1.8 objektif ɗin ma yana da ɗan laushi, kusurwoyin hoto suna duhu, daga 2.8 yake fara kaifi, a 4 zuwa 5.6 kuwa har zaren aikin wuyan riga ana ƙirgawa. Shi kuwa 18-55 in an kai shi 50mm, 5.6 ita ce iyakar buɗinsa, ba shi da wani wurin zuwa. Rabuwar mutum da bayansa ma ba 1.8 kaɗai ke kawo ta ba. A janye iyali mita biyar ko shida daga katangar ko bishiyoyin da ke bayansu, a ɗauka a 4, baya zai narke da kyau kuma kowa ya fito. Kuskuren da aka fi yi shi ne jingina mutane da bango, sannan a nemi objektif ya ɓoye bangon.

Ranar Yamai ma ba ta yarda da 1.8. A tsakiyar rana, da ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 100, buɗin 1.8 yana bukatar saurin ƙiftawa kusan 1/8000 na daƙiƙa, su 2000D kuwa a 1/4000 suke tsayawa. Lambar 4000 za ta riƙa walƙiya a cikin madubin leƙe, hoto ya fito a ƙone. Ko dai a rufe zuwa 2.8, ko a ɗaura filtar rage haske ND8 mai milimita 49, ko kuma, wanda ya fi duka, a bar ranar a shiga inuwa. Yaro ba ya buɗe ido cikin rana ko ana roƙonsa.

Inda hamsin ɗin ke biyan mai shi da gaske shi ne cikin inuwa da kuma gab da magariba. Yaro a zaune yana bukatar aƙalla 1/250, mai gudu 1/500 ko sama, kuma objektif ɗin ba shi da na'urar hana rawar hannu, ko da yana da ita ma ba za ta tsayar da yaro ba. A inuwar dogon yaro mai duhu, 2.8 da 1/500 suna samuwa a ISO 200 zuwa 400. Da rana ta kusa faɗuwa, 400 zuwa 800. A daidai wannan hasken, 18-55 sai ya hau 1600 ko 3200, inda fatar yaro ke fara yin tsaki-tsaki. Akwai tarko a nan ga mai amfani da Av (tsarin da mai hoto ke zaɓar buɗi, kyamara ta zaɓi sauri) tare da barin ISO a hannun kyamara: ita lissafin rawar hannunka take yi, sai ta zaɓi wani abu wajen 1/80, ba ruwanta da cewa Abba ba ya tsayawa wuri ɗaya. A sa ISO da hannu, a riƙa duban lambar sauri kafin kowane ɗauka, ko a koma M (saita komai da hannu) gaba ɗaya in hasken ba ya sauyawa.

Injin STM ɗin ba mai gaggawa ba ne. Yana da ɗan zuuu da ake ji, gaban objektif yana fitowa yana komawa. Ga yaro a zaune, a goye ko mai tafiya ta gefe, ya wadatar. Ga wanda ya sheƙo da gudu kai tsaye zuwa kyamara, zai riƙa makara, musamman a 2000D mai ɗigon saiti 9 da hoto 3 a daƙiƙa. Ɗigon tsakiya ne kaɗai abin dogaro a cikinsu. A zaɓe shi shi kaɗai, a sa AI Servo (saitin da ke bin abu mai motsi), a ɗora shi a fuskar yaron, a bar fili a gefe don a yanke daga baya. Miliyan 24 na ɗigon hoto sun isa yanka. In aka bar kyamara ta zaɓi ɗigo da kanta, abin da ya fi kusa take kamawa, kuma abin da ya fi kusa kullum hannun yaro ne ko gwiwar babansa. Dabarar da ta fi bin yaro da gudu ita ce a sa shi ya gudo zuwa wurin da aka riga aka sani. Inna ta durƙusa ta buɗe hannu, a saita a kanta, a jira. Hoton yana cikin lokacin da ya faɗa jikinta.

Wani hali nasa da ke ruɗa mutane: zoben saitin hannu ba ya haɗe da gilashi kai tsaye, ta lantarki yake aiki. In kyamara na kashe, ko a juya shi har gobe ba abin da zai motsa. Wanda ya kashe kyamara gaban objektif na waje, ya cusa ta cikin jaka ya hau babur, ƙaramin injin yake wahalarwa. Kafin a kashe, a saita kan abu mai nisa don gaban ya koma ciki.

Lokaci ya fi wuri muhimmanci, kuma agogon Yamai yana yaudarar wanda ya karanta shawarwarin wasu ƙasashe. A nan rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen ƙarfe ɗaya saura. Tana faɗuwa wajen 18:30 a Disamba, a Yuli kuma sai ta wuce 19:15. A Tawa a rage kusan kwata. Awa ɗaya ta ƙarshe kafin nan ita ce ta aiki, wato bayan la'asar sakaliya, kuma sai an gama kafin kiran magariba, don ba uban da zai tsaya maka bayan nan. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yaro ya riga ya galabaita kafin yamma, gara safiya tsakanin bakwai da takwas da rabi.

Daga ɓangaren gari, bakin kogi ta Gamkale ko Yantala, rana a hayin kogi take faɗuwa. In iyali suka ba ta baya, gashin yara da gefen mayafi suna ɗaukar wani zare na haske mai kyau, amma fuska tana duhu, kuma in ranar ta shiga gilashi kai tsaye launi yana wankewa. Gilashin gaba a lotse yake cikin jiki, wannan yana ɗan taimakawa, amma hularsa, ES-68, ba ta zuwa cikin kwali, daban ake sayenta, kuma ta cancanci saye ko don yatsun yara masu maiƙo. A ƙara haske da mataki ɗaya, a sa wani ya riƙe farin zane ko farin kwali daga gefen mai hoto ya maido haske fuska. A Janairu kogin a cike yake da ruwan da ya gangaro daga Gini, saboda haka mutum ɗaya a cikin manya aikinsa kawai ya sa ido kan yara, ba ya cikin hoto. Gadoji da gine-ginen hukuma kuwa a kauce wa sa su a baya. Da 50mm ma ba sa ƙara komai. Gidan tarihi na Bubu Hama yana da inuwa da gine-gine masu fari da shuɗi da ke yin baya mai tsabta, kuma dabbobi suna ɗauke hankalin yaro har ya manta da kyamara, sai dai a yi maganar ɗaukar hoto da masu ƙofa tun kafin a shiga.

Ƙasa ma tana da nata launin. Jan ƙasar Yamai tana maido ja a haɓa da wuya, ganyen dogon yaro kuma yana zuba kore a goshi in an shige can cikin gindinsa. A tsayar da iyali a bakin inuwa, suna fuskantar fili, a shimfiɗa tabarma mai haske ko farin zane a gabansu. A ɗauka da RAW (ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta) in ana iya gyara. In JPEG ne, a cire daidaita launi daga hannun kyamara a sa shi kan alamar rana ko ta gajimare, don kada hoto ɗaya ya fito ja na kusa da shi shuɗi.

Farar shadda ita ce babbar jarrabawa. Ranar salla uba da ƴaƴansa maza sun sha farar gezna mai ƙyalli, fata kuwa baƙa ce. Kyamara tana ganin farin sai ta rage haske, fuskoki su nutse. In an ƙara don fuska, shaddar ta ƙone, aikin da telan ya kwana yana yi ya ɓace. Cikin rana babu saitin da zai raba wannan gardama. A inuwa ne kawai tazarar ke raguwa har duka biyun su shiga. A ƙara kashi biyu cikin uku na mataki, a duba hoton tare da jadawalin haskensa, in ƙirjin riga yana walƙiya baƙi-baƙi a rage kaɗan. A nan ma 1.8 yana da aibi: gefen zaren azurfa da na ɗan kunne yakan fito da wani shunayya-shunayya, wanda ke raguwa sosai daga 2.8.

Kaifinsa ba ya rufa asiri. Da hunturu, fururun ƙafa, fasasshen leɓe da busasshiyar majina duk suna fitowa. A ce wa uwa ta shafa musu mai rabin awa kafin a fara, a goge wanda ya yi yawa a goshi da hanci don kada ya yi ƙyalli, a riƙe hankici a aljihu. Hazon hunturu kansa alheri ne ga fuska, yana tausasa rana har a iya aiki tun ƙarfe huɗu, amma objektif ɗin ba shi da robar da ke tare ƙura, kuma gaban da ke shiga yana fita yana jan ta ciki. Kada a sauya objektif a fili in iska na kaɗawa. A shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. A hure da famfon roba kafin a goge, domin goge ƙura da gefen riga daidai yake da goge gilashi da yashi.

Sauran aikin ba na gilashi ba ne. Yaro ƙarami minti ashirin yake bayarwa, in ya ƙoshi kuma ya yi barcinsa, saboda haka hoton kowa da kowa shi ake fara ɗauka, wasa ya biyo baya. Mai hoto ya durƙusa har kyamara ta zo daidai idon yaro. Mai ba yaro dariya ya tsaya daidai bayan kan mai hoto, don in ya tsaya a gefe duk idanu can za su tafi. Yawancin hotunan da ke lalacewa ba yara ke lalata su ba: a daidai lokacin da yaron ya yi murmushi, uwar ta sunkuya tana cewa "tsaya mana!" Sai a gaya mata tun farko: "Hajiya, ke dai dube ni, shi ki bar mini shi." A gidajen da ake kunyar ɗan fari, kada a matsa wa uwa ta rungume shi gaban surukai, a miƙa shi ga Kaka ko Goggo, fuskokin kowa za su fi sakewa. Namiji mai hoto ba ya kai hannu ya gyara mayafi, ya sa wata cikin matan gidan. Alewa mai launi tana rina harshe, nuna wa yaro allon kyamara kuma yana sa ya manne maka a gefe maimakon ya tsaya a gaba, duka biyun a bar su sai an gama. Santimita 35 ɗin nan kuwa ba na fuska ba ne, na ƙafar jariri cikin tafin Kaka ne, ko lallen hannun ƴar yarinya, a 4.

Da ya fito, kimanin dala 125 ta Amurka ake sayar da shi (ba dalarmu ta sefa biyar ba). Hanya mai sauƙi ta gane ko an tsuga kuɗi ita ce a duba farashinsa da yuro a intanet a ninka da 656, sannan a ƙara ladan wanda ya kawo. In na hannu ne, a je da kyamarar. A haska fitilar salula ta cikinsa: ƴar ƙura ba komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, kuma an fi ganinta a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku. A girgiza shi kaɗan a ji ko wani abu na kaɗawa. A ɗauki hoto a 1.8 da kuma a 16 a ga ƙofar tana rufewa, kuma in saƙon matsala Err 01 ya fito a allon kyamara ko bayan an goge ƴan ƙarafan gindinsa, a ajiye shi. Sannan a jera kwalin ashana biyar a karkace, kowanne santimita biyar bayan na gabansa, a saita kan na tsakiya a 1.8 daga mita ɗaya da rabi, sau biyar. In kullum na gaba ko na baya ke fitowa tar, a bar shi, don su 2000D da 600D ba su da wurin gyara wannan karkatar. Akwai kwaikwayonsa na Yongnuo mai arha, hotonsa ba laifi, amma saitinsa ya fi ƙara da kuskure, kuma da yara saitin ne komai.

Mai sabuwar Canon marar madubi ta jerin R sai da mahaɗi zai ɗaura wannan, ko ya nemi RF 50mm f/1.8 STM na 2020. Mai ƙaramar Nikon irin D3500 ya fi dacewa da AF-S DX 35mm f/1.8G, wanda bai kai wannan ƙunci ba. Ya guji tsohon 50mm mai harafin D, ba ya saita kansa a jikinta. Wanda kuma yawancin aikinsa cikin tsakar gida ne ya haɗa hamsin ɗin da EF-S 24mm f/2.8 STM: 24 don hoton gida duka, 50 don fuskokin yara ɗaya bayan ɗaya. In kuɗin na guda ɗaya ne, a sayi 50, a bar 18-55 cikin jaka don hoton taro, a ɗauke shi a wajen 24mm da buɗin 5.6.